Tsakanin albashin takarda da na alat: ina ragowar kuɗin ke tafiya?

A takardar ɗaukar aiki an rubuta wa ma'aikaci naira 250,000 a wata. Ƙarshen wata ya zo, waya ta yi ƙara, ya duba alat sai ya ga 206,775. Idan abokin aiki ya tambaye shi ina sauran, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce gwamnati ta yanke. Daga nan hira ta koma kan tsadar shinkafa da kuɗin makarantar yara, kuɗin da aka cire kuma babu mai sake waiwayarsu sai wani watan. Na sha zama a irin wannan hira, kuma abin da ke damuna shi ne yadda mutumin da zai yi rabin awa yana ciniki da mai tumatir a kan naira ɗari biyu zai bar naira dubu arba'in da uku su fita daga guminsa duk wata, bai taɓa neman a nuna masa lissafin ba.

Akwai dalilin hakan a tarihinmu. Harajin da kakanninmu suka sani a ƙasar Hausa abu ne da ake bayarwa hannu da hannu. Mai unguwa ya zo, dagaci ya tara, hakimi ya kai baitulmali. Bafulatani ya ƙirga shanunsa ya biya jangali. Mutum yana jin zafinsa domin sai kuɗin sun shiga aljihunsa kafin a raba shi da su, shi ya sa har aka samu masu gudun hijira saboda haraji, kuma shi ya sa soke haraji da jangali da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka yi bayan hawansu mulki a 1979 ya zauna a zukatan talakawa har yau. Harajin albashi kuwa dabararsa daban ce. Birtaniya ta soma aiki da shi a 1944, ana tsaka da yaƙin duniya na biyu, da sunan PAYE, wato biya yayin da kake samu. Maimakon a bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, sai aka ɗora wa mai biyan albashi nauyin cire rabon hukuma tun kafin kuɗin su isa hannun mai su. Najeriya ta ɗauki tsarin, ya shiga dokar harajin kuɗin shiga ta 1961, ya ci gaba a cikin dokar 1993 da gyaran da aka yi mata a 2011. Kuɗin da ba su taɓa shiga hannunka ba, da wuya ka ji su a matsayin naka, kuma wanda bai ji abu nasa ne ba ba ya bin sawunsa.

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne cewa layukan da ke ɓangaren cirewa a takardar albashi ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake baki ya saba kiransu duka haraji. A cikin waccan naira 43,225 da ta ɓace wa mutuminmu, 24,725 ce kaɗai haraji. Ita ce ta tafi ba za ta dawo ba, sai dai ta hanyar titi ko asibiti ko makarantar gwamnati. Naira 16,000 fansho ce, kuɗinsa ne da aka ajiye masa da sunansa, kuma kamata ya yi ma'aikatarsa ta ɗora wasu 20,000 a kai daga aljihunta. Sauran 2,500 na asusun gidaje ne, su ma ajiya ce da ake iya karɓa daga baya. Wanda ya haɗa su ya kira su haraji ya yafe dukiyarsa da bakinsa.

Mu ɗauki harajin kansa tukuna, domin shi ne ya canza kwanan nan. A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta, aka kuma tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon lissafi. Masu bibiyar labarai za su tuna yadda gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ƙi amincewa da tsarin rabon harajin VAT da ke cikin ƙudirin. An yi watanni ana wannan muhawara a rediyo da majalisa da masallatai. Sashen da ya shafi albashin ma'aikaci kai tsaye kuwa ya wuce kusan shiru, alhali shi ne wanda malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya za su gani a wayarsu sau goma sha biyu a shekara.

Ana lissafin ne a kan kuɗin shekara, sannan a raba gida goma sha biyu. Ana haɗa duk abin da ma'aikaci ke samu daga aikinsa: gundarin albashi, alawus na gida, na sufuri, na abinci, kuɗin hutu, garaɓasar ƙarshen shekara. Har abin da ba tsabar kuɗi ba yana shiga. Idan kamfani ya ba ka motar hawa, ana ƙiyasta kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka saye ta a matsayin ƙarin samunka na shekara. Daga wannan jimla sai a fitar da abubuwan da doka ta ce kada a taɓa: gudummawar fansho, ta asusun gidaje, ta inshorar lafiya, kuɗin inshorar rai, kuɗin ruwan bashin da mutum ya ci don gina gidan da yake zaune a ciki, da rangwamen haya. Abin da ya rage shi ake ɗora wa haraji, hawa-hawa. Naira 800,000 na farko babu ko kobo a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na bayansu kashi 21, sai miliyan 25 a kashi 23, duk abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25.

A gwada da mutuminmu. Albashinsa na shekara miliyan 3. Mu ce gundarin albashinsa 100,000 ne a wata, idan aka haɗa da alawus na gida da na sufuri ya kai 200,000, sauran 50,000 kuma wasu alawus ne. Fanshonsa kashi 8 ne na 200,000 ɗin, wato 192,000 a shekara. Asusun gidaje, idan an lissafa a kan gundarin albashi, 30,000 a shekara. An cire 222,000 ke nan, saura 2,778,000. A ware 800,000 da ba a taɓawa, saura 1,978,000. Kashi 15 na wannan shi ne 296,700, a raba goma sha biyu ya ba da 24,725. Duk da cewa yana cikin rukunin kashi 15, abin da ya biya bai cika kashi 10 na albashinsa ba.

Wannan bambanci tsakanin kason rukuni da ainihin abin da aka biya yana da muhimmanci, domin rashin gane shi ya haifar da wata magana da ake yawan yi a ofisoshi, cewa ƙarin girma na iya jefa mutum cikin babban rukuni har ya koma yana karɓar abin da bai kai na da ba. Lissafin bai yarda da haka ba. Kowane kaso yana hawa ne kan yankin kuɗin da ya faɗa cikin rukuninsa kaɗai. Idan kuɗinka da ake wa haraji ya tashi daga miliyan 3 zuwa miliyan 3 da dubu ɗari, dubu ɗarin nan ta sama ce za ta ɗauki kashi 18, wato 18,000, ragowar 82,000 naka ne, kuma harajin da ke kan miliyan 3 na ƙasa yana nan yadda yake. Idan har albashin wani ya ragu bayan ƙarin girma, to a nemi dalilin a wani layin: ko an fara cire bashi, ko an cire masa wani alawus, ko akanta ya yi kuskure.

To sabuwar dokar sauƙi ta kawo ko tsanani? Amsar tana bin girman albashi. Tsohon tsarin na 2011 yana fara ɗaukar kashi 7 tun daga naira 300,000 na farko, ya hau 11, 15, 19, 21, ya tsaya a 24 ga abin da ya wuce miliyan 3.2. Amma kafin a fara, akwai wani rangwame na bai ɗaya da kowa ke samu ba tare da ya roƙa ba: naira 200,000, ko kashi 1 na samunsa idan hakan ya fi yawa, da ƙarin kashi 20 na samun. Da wancan lissafi, mutuminmu mai 250,000 yana biyan kimanin 26,060 a wata. Yanzu 24,725. Sauƙin bai kai naira 1,400 ba, ko litar fetur biyu ba za ta saya ba. Mai 100,000 a wata da ake cire wa fansho a kan dukkan albashinsa ya fi shi ganin canji: daga 5,540 ya sauko 3,800. Mai mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, doka ta keɓe shi gaba ɗaya. Ko wanda ke ɗan sama da haka yana iya tsira: mai 72,000 a wata yana da 864,000 a shekara, idan aka cire fansho na kashi 8 sai ya sauko 794,880, ƙasa da layin 800,000. A can sama kuma labarin ya juya. Mai miliyan 5 a wata, idan aka ajiye batun fansho gefe, a da yana biyan kimanin miliyan 11.2 a shekara, yanzu ya koma kusan miliyan 12.9. A tsohon tsari, saboda wancan rangwame na kashi 20, komai girman albashin mutum harajinsa ba ya kai kashi 20; yanzu wannan kariya ta kau. A ganina wannan ɓangare na gyaran daidai ne. Babu adalci a rangwamen da ke ƙara girma yayin da mai shi ke ƙara arziki.

Inda nake da ja shi ne abin da aka kawo a madadinsa. An soke rangwamen bai ɗaya, an maye gurbinsa da rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000. Kuma ba ya zuwa da kansa, sai ma'aikaci ya bayyana nawa ya biya, hukuma kuma tana da ikon neman shaida. Idan mutuminmu yana biyan hayar 600,000 a shekara, za a rage masa 120,000 daga kuɗin da ake wa haraji, abin da zai sauke harajinsa da naira 1,500 a wata. Kafin mutum ya ci iyakar rangwamen sai hayarsa ta kai miliyan 2.5 a shekara. Wannan ma'auni ne da aka yanka a jikin mazaunin Legas da Abuja, inda haya ke cinye rabin albashi kuma ake rubuta yarjejeniya a takarda.

A duba yadda ma'aikacin Kano ko Katsina ko Sakkwato ke zaune. Da yawa suna gidan gado ne, an yanka musu sashe a cikin gidan mahaifi, kuma su ne ke ɗauke da gyaran rufi da kuɗin wuta da cefanen gidan gaba ɗaya. Doka ba ta ga wannan ba, domin ba haya ba ne. Wasu sun sayi fili a bayan gari, suna ɗora bulo ɗari wannan watan, kwano bandir ɗaya wancan watan, har shekara takwas kafin su tare. Sun guje wa bashin banki saboda riba, don haka rangwamen kuɗin ruwan bashin gida bai shafe su ba, kuma ranar da suka tare rangwamen haya ma ya bar su. Masu hayar kuma, nawa ne ke da rasit? An saba a biya ta hannun dillali, ko a tura wa mai gida ta waya, magana ta ƙare da Allah ya sa albarka. Mai gidan ma yana iya ƙin rubuta takarda idan ya fahimci za ta isa ofishin haraji ta tona abin da yake samu. Duk da haka, wanda yake haya ya nemi rasit, ya ajiye shaidar tura kuɗin, ya kai ofishin kuɗi na wurin aikinsa tun farkon shekara. Da rashin tayi akan bar arha, kuma 18,000 a shekara kuɗin littattafan yaro ne.

Wata tambaya da Musulmi ma'aikaci kan yi ita ce ko zakkar da ya fitar tana rage masa haraji. A Malesiya tana ragewa, ana cire ta daga harajin da ke kan mutum. A jerin abubuwan da dokar Najeriya ta amince a cire wa ma'aikaci babu ita, haka ma zakkar coci ga Kirista.

Akwai kuma ɓarnar da lokaci ke yi wa irin waɗannan lambobi, wadda ba a cika lura da ita ba. Lokacin da aka tsara rukunan 2011, mafi ƙarancin albashi 18,000 ne, dala tana wajen naira 155, saboda haka miliyan 3.2 da ake fara ɗaukar kaso mafi girma daga kansa ya haura dala 20,000. Aka bar lambobin nan a daskare shekara goma sha huɗu. Mafi ƙarancin albashi ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024, dala ta wuce naira 1,500, miliyan 3.2 ɗin ya dawo bai fi dala 2,000 da 'yan kai ba. Ma'aikacin da ƙarin albashinsa bai ko kamo tsadar masara ba sai ya tsinci kansa a rukunin da aka yi don manyan daraktoci. Babu majalisar da ta zauna ta ƙara masa haraji, hauhawar farashi ce ta yi aikin. Layin 800,000 na yau yana fuskantar wannan haɗari. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta ce a riƙa sake duba shi duk shekara uku, wato 2027 ke nan. Idan albashi ya motsa layin bai motsa ba, sauƙin da ake murna da shi yanzu zai narke. Wannan abu ne da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su ɗora a teburi ɗaya da batun ƙarin albashi, kada su ci nasara a ƙofar gaba a kwashe ta ƙofar baya.

Sai batun wanda ke karɓar kuɗin. Mutane da yawa suna ɗauka Abuja suke tafiya. Harajin albashin yawancin ma'aikata na jiha ne, ko da kuwa ma'aikacin na gwamnatin tarayya ne ko na banki, kuma jihar da mutum yake zaune ce ke da shi, ba wadda ofishinsa yake ba. Wanda ke kwana a Mararaba ya shiga Abuja aiki da safe, Nasarawa ce ke da haƙƙin harajinsa. Na Suleja da Madalla kuma jihar Neja. Mazauna Abuja kansu hukumar harajin birnin tarayya ce ke karɓar nasu. Ma'aikata na da wa'adin zuwa ranar 10 ga watan da ke biye ta miƙa abin da ta cire, sannan kafin 31 ga Janairu ta kai cikakken jerin sunayen ma'aikatanta da abin da aka biya kowa da abin da aka cire masa a shekarar da ta gabata. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a 2023 jihohi da Abuja sun tara kuɗin shiga na cikin gida kimanin naira tiriliyan 2.4, kuma wajen rabinsu daga harajin albashi suka fito. A ƙasar da mafi yawan masu neman abinci ba 'yan albashi ba ne, wannan na nufin tsiraru ne ke ɗauke da kayan. Ɗan kasuwar da ke juya miliyoyi a Kantin Kwari ko Singa yana iya biyan abin da bai kai na malamin sakandare ba, domin shi sai an bi shi an yi ƙiyasi, malamin kuwa an riga an cire kafin ya farka. Wannan ya ba ɗan albashi cikakken haƙƙin tambayar gwamnansa abin da aka yi da kuɗin, ba a matsayin mai roƙo ba.

Fansho shi ne layin da ya fi cancantar a zuba masa ido, domin shi ne mafi girman dukiyar da yawancin ma'aikata za su taɓa mallaka bayan gida. Dokar 2004, zamanin Obasanjo, ita ta kawo tsarin karo-karo, kashi 7.5 daga ma'aikaci, 7.5 daga ma'aikata. Dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 da kashi 10, a kan abin da bai gaza jimlar gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri ba. Kuɗin suna shiga asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikaci a kamfanin kula da fansho da ya zaɓa, ƙarƙashin sa idon hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma suna bin sa duk inda ya koma aiki. A 2024 jimlar kuɗin da ke cikin tsarin ta haura naira tiriliyan 20. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya ɗaukar kashi 25 na abin da ya tara. Ga masu gudun riba, tun 2021 akwai asusu na shida wanda ake juya kuɗinsa ta hanyoyin da babu kuɗin ruwa, irin su sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, amma sai mutum ya nemi a mayar da shi can da kansa. Ma'aikatan wasu jihohi, kamar Kano da Jigawa, suna ƙarƙashin tsarin jiharsu ne, inda ake tara gudummawar a asusu guda. Su hukumar fanshon jiha za su tambaya.

A nan ne wasu kamfanoni ke yin wata dabara. Sai su tsara albashi yadda gundarin da alawus na gida da sufuri za su zama ƙanana, a cusa mafi yawan kuɗin a wasu alawus masu sunaye iri-iri. Ma'aikaci ya ga abin da ke shigo masa ya ɗan fi yawa sai ya ji daɗi. Amma haraji bai ragu ba, tunda duk alawus ɗin ana lissafa su, har ya ɗan ƙaru saboda fanshon da ake cirewa kafin haraji ya ragu. Abin da ya ragu sosai shi ne kashi 10 ɗin da kamfanin zai zuba masa. Mai karɓar sabon aiki ya duba yadda aka rarraba albashin, kada ya tsaya a jimla.

Asusun gidaje na ƙasa ya samo asali ne daga dokar soja ta 1992, kashi 2.5 ake cirewa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Manufarsa a ba mai zubawa bashin gida a kan ruwa kashi 6, kuma idan ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki a mayar masa da abin da ya tara. Tun 2023 ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, na gwamnati ne ya rage wa dole. Inshorar lafiya kuma dokar 2022 ta wajabta ta, jihohi suna da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Wanda ake cire wa kuɗinta bai yi rajista ya zaɓi asibiti ba, biya yake yi yana kuma sayen magani da aljihunsa. Kuɗin ƙungiya, na adashin ma'aikata, da bashin banki ko na babur da ake cirewa daga tushe, duk bayan haraji suke fita, ba sa rage shi.

Akwai wasu kuɗaɗen da doka ta ɗora wa ma'aikata ita kaɗai, waɗanda bai halatta su bayyana a ɓangaren cirewa na takardar ma'aikaci ba. Kashi 1 na asusun NSITF, wanda dokar 2010 ta tanada don biyan diyyar wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, na mai kamfani ne. Haka kashi 1 na asusun horar da ma'aikata na ITF, haka inshorar rai ta gama-gari da dokar fansho ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Iyalai da dama sun binne mai gidansu ba su san akwai wannan haƙƙi na ƙarshe ba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan lissafi ne, kuma lissafi ana iya gyara shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ratar da ke tsakanin cirewa da isarwa. Takardar albashi shaida ce cewa an cire. Ba ta nuna cewa kuɗin sun isa inda aka ce za su ba. Dokar fansho ta ba ma'aikata kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi ta tura gudummawar, ta kuma sa tarar da ba ta gaza kashi 2 a kowane wata ba ga wadda ta yi jinkiri. Dokar haraji ta sa tarar kashi 10 da kuɗin ruwa a kan wanda ya cire ya riƙe. Amma doka ba ta tashi da kanta sai an samu wanda ya lura, kuma wanda ya fi kowa damar lura shi ne ma'aikacin. Hanyar ba ta da wuya. Kamfanin fansho yana aiko da saƙo idan kuɗi sun shiga, yana kuma ba da bayanin asusu. Idan wata uku suka wuce shiru, akwai magana. Haraji kuma ana gane shi ne ta neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku na baya. Idan ma'aikatarka tana miƙawa da sunanka da lambarka, takardar za ta fito ba wahala. Idan aka fara yi maka je ka dawo, to ka fara tara takardun albashinka wuri guda.

Ƙanwar mahaifiyata ta koyar shekara shida a wata makaranta mai zaman kanta. Kowane wata takardarta tana nuna fansho da haraji, ita kuma tana ninke ta ta sa a jaka. Sai da makarantar ta rage ma'aikata, ta zauna wata huɗu a gida, ta tafi neman kashi 25 ɗinta don ta ja jari, aka buɗe asusun aka ga gudummawar wata goma sha ɗaya kacal. Ta kira ni tana cewa, ɗana, duba mini ko ni ce ban iya karatun takardar nan ba. Ta iya. Muka baje takardun a tabarma muka jera su wata bayan wata, muka ga guda tara sun ɓace, sauran sittin da uku suna nan, kowace da hatimin makarantar. Da su muka rubuta ƙorafi zuwa PenCom, muka haɗa da bayanin asusun. An ɗauki fiye da shekara ana kai da komo kafin makarantar ta fara zuba bashin kashi-kashi, kuma watanni taran da ba mu da takardarsu har yanzu ana jayayya a kansu.